Ciwon Aro

A gona Maiwada ya fara jin abin, lokacin feshin shinkafa. Duk sa'ad da ya goya injin feshi, sai madaurin hagu ya danne masa wani wuri a ƙirji, daidai ƙarƙashin kan nono, ya ji zafi har cikin haƙoransa. Da farko ya ɗauka maruru ne zai fito. Maruru bai fito ba. Sai wurin ya yi tauri, ya tasa, har in ya dubi kansa wajen wanka yana ganin ɓangaren hagu ya fi na dama cika, kamar na yarinyar da ta fara ƙirgar dangi.

Magidanci ne da ya ba hamsin baya, manomin shinkafa a Birnin Tudu ta ƙasar Bakura, ana kuma jin maganarsa a majalisar ƙofar masallaci. Ba mutum ne mai ɓoye ciwo ba. Ko ƙaya ce ta soke shi sai majalisa ta ji inda ta shiga da yadda aka ciro ta. Da a ƙafa abin yake, ko a baya, da tuni ya tara shawarwari sun ishe shi. Amma nono? Ya tuna wanzamin garin, ya tuna bakinsa ba ya rufuwa. Mai kemis kuwa surukinsa ne, ɗiyar Maiwada yake aure. Wurinsa dai ya sayi man zafi, ya ce na ƙugu ne, ya yi ta shafawa har fatar ta saɓule, abin ciki bai motsa ba.

Wata rana bayan azahar ya kira matarsa Taibatu, tana tsakar gida tana juya shinkafar da ta turara ta shanya, domin sana'arta ke nan.

"Taiba, zo ki ji. Turo ƙofar."

Ya ɗaga riga ya nuna mata, yana kallon bango. Ta taɓa, ya zabura.

"Subhanallahi. Malam, tun yaushe?"

"Bar tun yaushe. An ce akwai likita mace a asibitin Mafara, ranar kasuwa take ganin mata masu irin wanga ciwo. Ki shirya mu tahi. Ki shiga ki ce ke ke da shi, ta rubuta magani, mu saya mu dawo."

Taibatu ta dube shi. Wannan ne mutumin da duk haihuwarta a ɗaki ta yi, saboda ya ce asibiti wurin masu neman a tausaya musu ne.

"In ta ce in buɗe ta gani fa?"

"Ki ce kunya kike ji. Ai ku an san ku da kunya, ba mai matsa miki."

"To kai mi ya hana ka shiga?"

"Ni? Cikin mata? In ce mi? In ce nono ke min ciwo?"

Haka ya zaunar da ita ya koya mata ciwon kamar mai biya wa yaro karatu: hagu ne, ƙarƙashin kan nono, da tauri, da zafi in an danna, ba ya fitar da ruwa. Ta maimaita, ya gyara mata, ta sake maimaitawa har ya gamsu.

Ranar Talata suka hau mashin da hantsi, lokacin da hanya ta cika da masu zuwa kasuwa, don yanzu ba mai son bin hanyar shi kaɗai. Ya yankar mata kati, ya nuna mata baranda, shi kuma ya koma can gindin dogon yaro ya zauna kan mashin yana danna waya, kamar ba tare suka zo ba.

Barandar cike take da mata a kan bencina. Taibatu ta sami gefe ta raɓa. Kusa da ita wata mai jego ce daga Maradun, nononta ya kumbura ya yi ja, tana cije leɓe duk sa'ad da jaririn ya nema. Gaba kaɗan wata budurwa ce da uwarta, uwar tana faɗa wa duk mai saurare cewa abin yarinyar gudu yake yi ƙarƙashin yatsa, ga biki ya matso. A can ƙarshen benci wata dattijuwa daga Ruwan Gizo ta lulluɓe da mayafi biyu, ta sha turare, amma turaren bai rufe warin da ke fitowa daga ƙirjinta ba. Ba wanda ya matsa daga kusa da ita, ba kuma wanda ya matso.

Mai jegon ta juyo. "Baiwar Allah, ke fa, mi ke damunki?"

"Hagu ne," in ji Taibatu. "Da tauri, da zafi in an danna."

"Allah shi ba mu lafiya."

Ta amsa da amin, kunya ta rufe ta. Ita kaɗai ce lafiyayya a barandar nan, ta zo ta tsare wa marasa lafiya layi da ƙarya.

Likitar, Dakta Zakiyya, ba ta kai Taibatu shekaru ba, siririya ce mai tabarau, tana magana a hankali kamar ba ta da sauran mutane a waje. Ta tambayi shekaru, da haihuwa, da shayarwa, da ko wata a dangi ta taɓa irin wannan. Taibatu ta kawo karatunta tiryan-tiryan, ba ta yi tuntuɓe ba.

"Yaushe ya fi yi miki zafi?"

Wannan ba ta cikin abin da aka biya mata. Ta lalubo abin da ta sha ji a gida. "In na goya injin feshi."

Likitar ta ɗago kai daga rubutu. "Ke kike feshi a gona?"

"Wani lokaci."

"To. Hau gado mu gani."

"Likita, kunya nike ji."

"Ni ma mace ce, Inna. Ga labule. Ba na rubuta magani ga abin da ban taɓa da hannuna ba."

Ba yadda ta iya, ta hau. Likitar ta bi nonon hagu da tafin yatsu, sama da ƙasa, ta danna ƙarƙashin kan nonon, Taibatu ta tuna ya kamata ta ji zafi, ta ce "wash" bayan an riga an ɗauke hannu. Likitar ta zagaya ta koma na dama. Can wajen hammata hannunta ya tsaya. Ta koma baya, ta sake dawowa wurin.

"Wannan fa?"

"A'a, wannan ba ya ciwo. Ba shi anka ai... ba shi ya kawo ni ba."

"Kin san da shi ke nan."

Ta san da shi. Tun damina ta ji shi wajen wanka, ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gujiya, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Abin da bai hana ta ɗaukar tukunya ba, ba ta ga dalilin ba shi suna ba.

"Na hagu ban ga komai ba," in ji likitar. "Wannan da ba ya ciwon, shi nake so mu bincika. Yawancin masu zafi da kike gani a waje, da magani ko ɗan tsagawa suke warkewa. Marar zafi mai tauri, a shekarunki, ba a barinsa. Wa ya kawo ki?"

Aka aika nas ta kirawo Maiwada. Ya shigo yana ta gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, yaya aiki, yaya jama'a, idonsa na kan takardar da ke gaban likita ko zai hango sunan magani. Likitar ta yi masa bayani: za a yi hoto, za a ɗebi ɗan nama da allura a aika Sakkwato a duba. Sannan ta ce, "Malam, na gode maka. Yawancin matan da nake gani sai abu ya fashe ake kawo su. Kai ka kawo ta tun yana ƙarami. Da maza duka haka suke, da aikina ya yi sauƙi."

Maiwada ya ɗauke ido daga takardar. Ya ce, "Ai haƙƙi ne, likita."

Sai da suka fita ƙofar asibiti ya tsayar da mashin. "Ina maganin?"

"Ba ta rubuta ba."

"Ba ki hwaɗa mata yadda na koya miki ba?"

"Na hwaɗa. Ta duba ba ta ga naka a jikina ba. Nawa ta gani."

Ya yi tsaki, ya tayar da mashin. Sai da suka kusa Bakura ya rage gudu ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Shi naki, babba ne?"

Sakamako ya dawo bayan an fara yankan shinkafa. Sankarar mama ce, amma ba ta yi nisa ba. Dakta Zakiyya ta faɗa musu ba kwana-kwana: za a cire nonon gaba ɗaya, bayan nan a yi ta zuwa Sakkwato ana ƙarin ruwan magani. Taibatu ta yi kuka a bayan mashin, cikin hijabi, ba sauti. Danginta suka rabu biyu, wasu suka ce ba a sa wa daji ƙarfe, a kai ta wurin mai magani a Dakko. Maiwada ne ya tsaya ya ce asibiti. Ko don ya tsorata ne, ko don likita ta riga ta yabe shi ba ya son ya ba ta kunya, shi kansa bai tantance ba. Ya sayar da shinkafarsa tun tana ɗanya a kasuwa, ya kwana a barandar asibiti, ya koyi riƙe mata kofi. Ranar da aka fito da ita daga ɗakin tiyata, ƙirjinta a naɗe, ya koma bayan ɗakin ya share hawaye da hularsa.

Labari kuwa ya riga su isa gida. Wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Bakura ta ji a bakin nas, ta faɗa a wurin awo cewa akwai wani bawan Allah a Birnin Tudu da ya ɗauki matarsa da kansa ya kai a duba ta tun ba ta kwanta ba. Liman ya kawo misalinsa bayan sallar la'asar. A majalisa aka fara matsa masa wuri a kan tabarma. Maƙwabcinsa Surajo, wanda gonarsu ke haɗe, ya ce shi dama ya daɗe da sanin Maiwada mutum ne mai hangen nesa, sai dai mutane ba su lura ba.

Da wata ƙungiyar mata ta shirya taron wayar da kai a Bakura, shi aka gayyata ya yi wa maza magana. Ya sa babbar riga, ya karɓi lasifika da hannun dama, na hagun ya ɗan buɗe shi nesa da jiki don kada rigar ta goga wurin.

"Jama'a, kunya ita ke kashe mutane," in ji shi. "Ciwo ba abin kunya ba ne. Duk wanda ya ji wani abu a jikin iyalinshi, kada shi tsaya shafe-shafe. Asibiti! Likitocin nan don mu anka aje su."

Aka tafa. Wani ya ɗauka a waya, ya zagaya gari, har ya iso wayar ɗiyarsu, ta kawo wa Taibatu tana kwance. Lokacin an yi mata ƙarin ruwa na biyu, gashinta ya zube, ko ƙamshin miya ba ta so. Ta kalla har ƙarshe, ta ce a sake kunna mata. Rabonta da dariya tun kafin tiyata, ranar sai da ɗinkin ya yi mata zafi.

Shi kuwa nasa yana nan. Bai ragu ba, ya ma ɗan ƙaru. Ya daina feshi da kansa, ya ce ƙugu ne. In an rungume shi a wurin biki sai ya ga taurari. Kuma yanzu abin ya fi da wuya: da can kunyar namiji mai ciwon nono ce kawai, yanzu ga ta mutumin da ya hau lasifika. Tun da ya ga dattijuwar Ruwan Gizo an fito da ita a kan gadon da ake turawa an rufe har fuska, barci ya rage masa. Yana taɓa wurin a ɓoye, yana gwada shi da abin da likita ta ce game da na Taibatu. Nasa da zafi, to alheri ne. Amma da tauri.

Ana jibi za su koma Mafara a duba ɗinki, Taibatu ta same shi a zaure da safe yana gyara fartanya. Ta zauna a dokin ƙofa, abin da ba ta saba ba.

"Malam, na ari ciwonka na tahi da shi, anka ba ni nawa. Nawa an cire. Naka yana nan inda ka aje shi."

"Yana sauƙi."

"Ba ya sauƙi. Ina ganin yadda kake sa riga. Jibi in ba ka shiga ba, ni ma ban shiga. Sakkwaton ma na bari."

"Ke, kada ki yi wasa da ranki."

"Da naka nike koyi."

Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce a bari sai bayan Sallah, ya ce zai je Gusau inda ba a san shi ba. Ta ce ta ji, ita ma sai bayan Sallar. Ya dube ta, ta rame, ɗankwali ya zauna a kai ba tudun gashi, kafaɗa ɗaya ta sauka. Ya san tun aurensu ba ta taɓa yi masa gardama a kan abinci ko tufafi ba, ya kuma san in ta kafe ba ta motsi.

Ya yanki kati da sunansa, da murya ƙasa-ƙasa, har mai yankan ya ce ya maimaita. Aka ce ya jira a baranda. Ba wani benci sai na mata. Yana tsaye yana neman inda zai sa kansa, wata ta gane shi.

"La! Ba shi ne na cikin waya ba? Miji nagari!"

Nan take aka matsa, aka share masa gefen benci da bakin mayafi. Wata ta ce da mijinta zai zo ya ga yadda ake yi. Wata ta ce dubi yadda ya zauna cikin mata ba girman kai, don dai kada matarsa ta yi kaɗaici. Maiwada yana ta "ba komai, ba komai", gumi yana bin wuyansa. Taibatu na gefensa ta sunkuyar da kai, kafaɗarta tana rawa. Suka ɗauka kuka take, wata ta dafa ta tana ba ta haƙuri.

Nas ta leƙo da kati a hannu. "Maiwada Birnin Tudu!"

Ya miƙe. Ya cire hula ya miƙa wa Taibatu, ya sake karɓa ya mayar kansa, ya shiga.

"Ikon Allah," in ji wata tsohuwa. "Har bayanin ma shi ke karɓar mata."

Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, labule ne kawai ke tare ta. Baranda ta yi tsit daidai lokacin da muryar Dakta Zakiyya ta fito a hankali: "Sannu da zuwa, mai injin feshi. Na daɗe ina jiranka. Cire riga ka hau gado."

Sai tsohuwar nan ta juyo ta dubi Taibatu, ta daɗe tana dubanta, ta ce, "Allah shi ba shi lafiya." Matan suka amsa da amin, aka koma hirar tsadar magani.

A ciki likitar ba ta yi masa dariya ba. Ta ce maza ma suna da nono, suna kuma yin ciwonsa, har sankarar ma takan kama su, ko da yake ba kasafai ba, kuma su ne suka fi kowa zuwa a makare. Ta aika nasa naman inda ta aika na matarsa. Kwanakin jiran sakamako Maiwada ya yi su kamar marar lafiyan gaske, ya bar cin tuwo, ya nemi gafarar Surajo a kan wata tsohuwar rigimar iyakar gona, Surajo ya rasa dalili ya ƙara yaba halinsa a majalisa.

Ba sankara ba ce. Kumburin nama ne da kan sami wasu maza. Aka kashe wurin da allura aka cire, ya koma gida a ranar. Ya yi mako yana nishi a kan tabarma, yana kiran a gyara masa matashi, Taibatu da ƙirji ɗaya tana dama masa kunu da hannun hagu. A gari aka ce ƙugun nan ne ya tasar masa. Matan barandar kuwa, daga Maradun suke ko daga Dakko, ba a taɓa jin maganar ta fito daga bakin ɗayarsu ba, ko kuma ta fito a inda maza ba sa ji.

Taibatu ta gama zuwa Sakkwato kafin damina. Gashi ya fara tsirowa, fari-fari, mai laushi. Ta ɗinka 'yar jaka ta cusa auduga tana sawa cikin riga in za ta fita. Hannun dama yakan kumbura in ta yi aiki da yawa, saboda haka tukunyar turara shinkafa ta fi ƙarfinta. Maiwada ke ɗora mata ya sauke, bayan ya tura yara waje ya sa sakata a ƙofar gida. Dakta Zakiyya ta ce ba ta ga komai ba a dubawar ƙarshe, amma ba ta yi alkawari ba, ta ce a riƙa dawowa. Mata uku daga unguwarsu sun bi Taibatu zuwa Mafara a ranakun kasuwa. Biyu aka ba su magani suka dawo, ta ukun aka riƙe ta.

Da lokacin dashe ya zo, rana tana dukan fadama, maza duk sun tuɓe riguna sun ajiye a kan kunyar gona suna cikin laka har gwiwa. Maiwada kaɗai ke aiki da riga, ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya. Tabon ɗan ƙarami ne, kamar jinjirin wata a ƙarƙashin kan nono, amma duk wanda ya gani zai tambaya.

"Malam Maiwada, ba ka jin zafi?" wani ya ɗaga murya daga gonar gaba.

Surajo ya amsa masa kafin Maiwada ya ɗago. "Kai dai ba ka san mutane ba. Wanda ke tsayawa gaban jama'a shina magana, ka ga ya dace a gan shi tsirara?" Sai shi ma Surajon ya fita daga laka, ya ɗauko tasa rigar ya saka.